POTISKUM: NEMAN TAYAR TSOHON KEKE YA ZAMA JAN AIKI

Dogo Nini tana ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Potiskum a Jihar Yobe, kuma kamar sauran unguwannin garin, har yanzu keke yana da babban matsayi a cikinta. Da shi ɗalibai suke zuwa makaranta, da shi ƙananan ma'aikata suke zuwa wurin aiki, da damina kuwa shi ne yake kai manomi gona ya komo da shi da harawa a baya. Da yawa daga cikin waɗannan kekuna tsofaffi ne, waɗansu ma gadonsu aka yi, amma ƙarfensu bai gaji ba tukuna. Abin da yake wahalar da masu su shi ne taya.

Mutum zai tafi kantin kayan keke ya ce a ba shi lamba 28, a miƙo masa taya sabuwa fil mai ɗauke da wannan lamba a jikinta, ya biya, ya kai wa mai gyara, a yi ta fama ta ƙi shiga rim. Wani kuma tasa za ta shiga ba wata wahala, amma da an ba ta iska sai bakinta ya ɗage, tiyub ya leƙo ya fashe. Daga nan sai gardama ta tashi. Mai keke ya ce an sayar masa da jabu, mai kanti ya ce abin da aka tambaya shi ya bayar, mai gyara kuwa ya ce rim ne ya tsufa. Sau da yawa babu wanda ya cuci wani a cikinsu. Lambar inci da aka saba kira suna ce kurum, kuma akwai rim iri-iri masu amsa suna guda alhali girmansu ya bambanta.

Yadda kekunan suka taru

Kekunan da suka fara yawa a Arewa tun zamanin En'e na Ingila ne, irin su Raleigh da Hercules da Phillips da Rudge. Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kamfanin Raleigh na birnin Nottingham, har ya kai ga kafa masana'antar haɗa kekuna a Kano. Lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji cikin 1975, keke da rediyo suna cikin abubuwan da ƙananan ma'aikata suka fi rububin saye. Babban keken nan baƙi, mai birkin ƙarfe da kariya a baya, tayarsa ita ce mai lamba 28 x 1½. Daga baya kekunan ƙasar Sin, watau Phoenix da Flying Pigeon, da na Indiya irin su Hero da Avon, suka shigo kasuwa, kuma da yake kwaikwayon na Ingila aka yi wajen ƙera su, manyansu duk wannan ma'auni suke da shi. Ko a cikin gida ma an yi wannan sana'a, domin tun cikin shekarun 1960 Cif Adeola Odutola ya buɗe masana'antar yin tayar keke da tiyub a Ijebu-Ode. Saboda haka shekara da shekaru idan aka ce 28 ba wanda yake tambaya wace iri ake nufi.

Al'amarin ya canja ne da zuwan kekunan gwanjo daga ƙasashen Turai da Japan, da kuma kekunan nan masu giya da faffaɗar taya waɗanda samari suke so. Kowannensu ya zo da nasa ma'aunin. Potiskum kuwa mahaɗar hanyoyi ce. Ga hanyar Kano ta Azare, ga ta Bauchi ta Kari, ga ta Maiduguri ta Damaturu, ga ta Gashuwa, ga ta Gombe ta Fika, sa'an nan ga kasuwar shanu ta ranar Laraba wadda ake zuwa daga nesa. Duk irin kayan da ya shigo ƙasar nan ba ya daɗewa bai iso garin ba.

Bugu da ƙari, cikin 2012 Gwamnatin Jihar Yobe ta hana hawa babur saboda matsalar tsaro, kuma ba a ɗage dokar a Potiskum ba sai cikin watan Maris na 2022. A tsawon waɗannan shekaru goma mutane da yawa suka zaƙulo tsofaffin kekunan da aka jingine a zaure, waɗansu kuma suka sayi na gwanjo. Da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo, sai keke ya sāke samun daraja. Sakamakon wannan duka shi ne, yanzu a rumfar mai gyara guda ɗaya za a iya samun keken da aka ƙera a Nottingham da na Shanghai da na Japan suna jiran taya, ga shi kuma kusan duk tayoyin daga waje ake shigo da su, kuɗinsu yana bin tashin dala.

Asalin rikicin lamba

Cikin 1888 ne wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya ƙera tayar keke mai iska a birnin Belfast, kuma cikin 1890 wani Bature mai suna Charles Welch ya fito da dabarar sa waya a bakin taya domin ta riƙe rim. Wannan waya ita ce tushen maganar. Ƙarfe ce, ba ta miƙewa kamar roba, saboda haka dole da'irarta ta yi daidai da da'irar wurin da take zama a jikin rim.

Amma masu yin taya na farko ba wannan wuri suka auna ba lokacin da suke ba tayoyi suna. Sun auna tsayin ƙafar keke gaba ɗaya ne, daga ƙasa zuwa sama, bayan an cika taya da iska. Inci 28 daidai yake da milimita 711. Idan kaurin taya inci ɗaya da rabi ne, watau milimita 38, to, za a cire 38 a sama a cire 38 a ƙasa, sai ya rage 635, wanda shi ne girman rim na babban keken Ingila. Idan kuwa tayar ta fi kauri, ta kai inci ɗaya da uku bisa huɗu, dole rim ya ƙanƙance zuwa 622 domin tsayin ƙafar ya tsaya a inci 28. Ga rim biyu ke nan, da tazarar milimita 13 a tsakaninsu, kowannensu kuma sunansa 28.

Da tafiya ta yi tafiya, sai aka riƙa yi wa rim mai 622 tayoyi sirara da masu kauri, tsayin ƙafar ya daina zama inci 28, amma sunan bai canja ba. Faransawa suna kiran wannan rim 700C, na babban keke kuma 700B. Masu sayar da kekunan zamani masu faffaɗar taya suna kiran mai 622 ɗin lamba 29. Akwai kuma rim mai lamba 27 wanda girmansa 630 ne, watau ya fi wanda ake kira 29 girma. Duk wanda ya dogara da inci kaɗai, to, kama da wane ba ta wane.

Lambar da ba ta ruɗi

Domin a kawar da wannan ruɗani ne wata ƙungiyar masu yin taya da rim ta ƙasashen Turai, wadda ake kira ETRTO, ta tsara wata hanyar rubuta ma'auni, daga baya kuma hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta karɓe ta da sunan ISO 5775. A wannan tsari lambobi biyu ake rubutawa, da ɗan layi a tsakani, misali 40-635. Ta farko kaurin taya ce da milimita. Ta biyu, mai alƙaluma uku, ita ce girman wurin da wayar taya take zama a rim, kuma ita ce abin dubawa. Idan ta yi daidai da ta rim, taya za ta zauna. Idan ta saɓa, ko da milimita biyar ne, ba ta keken ba ce. Mafi yawan tayoyin da ake yi yanzu suna ɗauke da ita a gefe, kusa da lambar inci, sai dai da ƙananan haruffa, wani lokaci sai an goge ƙura an karkata ta wajen haske kafin a gani.

Ga ma'aunan da mai keke a Potiskum ya fi cin karo da su.

Na farko 635. Shi ne na babban Raleigh mai birkin ƙarfe da 'yan'uwansa Phoenix da Flying Pigeon da Hero. Ana rubuta shi 28 x 1½, ko 40-635, ko 700 x 38B.

Na biyu 622. Shi ne na mafi yawan manyan kekunan gwanjo na Turai. Ana rubuta shi 700C, ko 28 x 1.75, ko 28 x 1⅝ x 1⅜, ko 28 x 1.50.

Na uku 630. Shi ne 27 x 1¼ na tsofaffin kekunan tsere, da 27 x 1⅜ na manyan kekunan Japan masu kwando a gaba.

Na huɗu 590. Shi ne 26 x 1⅜, na matsakaicin Raleigh mai birkin waya da kuma kekunan Japan da yawa. A jikin waɗansu tsofaffin rim na Ingila akan ga an buga EA3.

Na biyar 559. Shi ne na kekunan samari masu giya da faffaɗar taya, asalinsa daga Amurka, ana rubuta shi 26 x 1.75, ko 26 x 1.95, ko 26 x 2.125. Tsakaninsa da 590 akwai milimita 31, duk da cewa su biyun sunansu 26.

Haka abin yake a kekunan yara. Lamba 24 tana iya zama 540 ko 507, lamba 20 kuma tana iya zama 451 ko 406.

Akwai wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Idan an rubuta kaurin taya da ɗigo, kamar 1.50 ko 1.75, sau da yawa ba ɗaya take da wadda aka rubuta da kashi, kamar 1½ ko 1¾, ba, ko da yake a lissafin makaranta daidai suke. Taya mai 28 x 1½ ta rim 635 ce, mai 28 x 1.50 kuwa ta rim 622 ce. A nan ne masu tsofaffin kekuna suka fi yin asara, domin wanda ya yi boko zai karanta su biyun ya rantse abu ɗaya ne.

Yadda za a gane girman rim

Hanya ta farko ita ce a duba jikin tsohuwar taya, muddin dai ita ce take kan keken kuma ta zauna daidai tun da aka sa ta. A nemi lambar nan mai alƙaluma uku a rubuta a takarda. Idan rubutun ya goge, sai a duba jikin rim, musamman kusa da ramin bawul, domin waɗansu kamfanoni suna buga ma'auni a nan. Sunan keke shi kaɗai bai isa ba. Kamfanin Raleigh ya yi masu 28 x 1½ ya kuma yi masu 26 x 1⅜, ban da haka kuma keken da ya shekara arba'in yana aiki zai yiwu an taɓa canja masa ƙafa ɗaya, har ta gaba ta bambanta da ta baya.

Idan babu rubutu ko'ina, sai awo. A cire taya da tiyub, a sami zare mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, ko siririyar waya, a zagaya da shi ta cikin rim a kan ɗan tudun da wayar taya take zama. Kada a bar shi ya faɗa cikin kwarin tsakiya inda kawunan wayoyin ƙafa suke, domin nan ya fi zurfi. A yi alama inda zaren ya haɗu, a miƙe shi a ƙasa a auna. Tef ɗin tela yawanci santimita 150 ne, bai kai tsawon ba, saboda haka sai a auna sau biyu a haɗa. Idan zaren ya kai santimita 199 da rabi, rim 635 ne. Idan 198 ne, 630 ke nan. Idan 195 da rabi ne, 622 ne. Santimita 185 da rabi na 590 ne, 175 da rabi kuma na 559.

Waɗansu sukan ɗora tef daga baki zuwa baki su auna faɗin rim kai tsaye. Wannan yana da tarko. Leɓen rim ya ɗara wurin zaman waya tsayi, saboda haka awon zai haura na gaskiya da wajen milimita 12. Rim mai 622 zai nuna kusan 634, mai awo ya ɗauka 635 ne, ya sayo tayar babban keke wadda ta fi ƙarfinsa. Wanda zai bi wannan hanya dole ya rage tsayin leɓen na gefe biyu.

Hanyar da ta fi duka sauƙi ita ce a kwance ƙafar keken a tafi da ita kanti a gwada kafin a biya. Gani ya kori ji. Mutumin da ya taso daga Mamudo ko Nangere, ko wani ƙauye na ƙasar Fika, ɗaukar ƙafar keke bai kai masa wahalar komowa gari da tayar da ba ta yi ba.

Illar tilasta wa taya

Taya da ta yi daidai takan shiga da ƙarfin hannu, ko da ɗan taimakon liba a ƙarshe. Idan aka ga an sa liba biyu ko uku ana dannawa da gwiwa har yanzu saura taƙi guda, to, a dakata. Ƙaramar taya idan aka tilasta mata, ko wayar bakinta ta tsinke, ko liba ta huda tiyub, ko kuma leɓen rim ya lanƙwashe, tsohon rim na ƙarfe kuwa ya fi taya wuyar samu. Sabulu da mai ba za su ƙara wa waya tsawo ba.

Wadda ta yi girma ta fi haɗari, domin ita tana shiga salin-alin. Tayar 635 a kan rim 630 za ta yi kamar ta zauna, a ba ta iska kaɗan a hau. Ranar da aka cika ta sosai, aka ɗora buhun gero ko jarkokin ruwa, ga zafin kwalta na bazara, sai bakinta ya ɓalle. Idan ƙafar gaba ce, kuma a kan babban titin da tireloli suke wucewa dare da rana, abin ya wuce maganar kuɗin taya.

Saboda haka bayan an sa sabuwar taya, a fara ba ta iska kaɗan, a juya ƙafar a duba siririn layin nan da yake zagaye da taya dab da leɓen rim. Idan ya fito daidai ko'ina a gefe biyu, ta zauna. Idan ya nutse a wani wuri ya ɗago a wani, a sace iskar a sāke gyarawa. A kuma duba ƙyallen da yake rufe kawunan wayoyi a cikin rim, domin idan ya ruɓe, ko an sa sabon tiyub kwana kaɗan za a koma ga mai faci.

Tiyub da bawul

Wani abin da yake ƙara ruɗa jama'a shi ne tiyub yana da haƙuri. Roba ce zalla, tana miƙewa, saboda haka tiyub guda yana iya yi wa rim 622 da 630 da 635 aiki, har akwai kamfanonin da suke rubuta haka a jikin kwali. Mutum ya ga tiyub ɗin maƙwabcinsa ya yi masa, sai ya zaci taya ma haka ne.

Abin lura a tiyub shi ne bawul. Tsofaffin kekunan Ingila da na Sin da Indiya da Japan suna amfani da bawul irin na Dunlop, mai 'yar roba a ciki, wanda ake kwancewa a canja robar idan ta mutu. Kekuna masu faffaɗar taya suna da irin na mota. Waɗannan biyu ramin rim ɗinsu kusan ɗaya ne, sai dai bakin famfo ya bambanta. Kekunan tsere kuwa suna da siririn bawul na Faransa wanda raminsa ya fi ƙanƙanta, kuma faɗaɗa ramin da ƙusa yana raunana rim.

Canja ƙafa gaba ɗaya

Idan aka rasa tayar 635 a gari, akan ba mai keke shawara ya canja ƙafa zuwa ta gwanjo mai 622. Kafin ya yarda ya kamata ya tuna da birki. Birkin ƙarfe yana jawo roba ne sama ta dafe cikin rim, saboda haka yana bukatar faffaɗan rim ɗin nan na musamman da ake kira Westwood. Rim ɗin gwanjo an yi shi ne domin birkin waya mai matse gefe da gefe. Idan aka haɗa su, keke zai yi tafiya amma ba zai tsaya yadda ya kamata ba. Ko da yake Raleigh ya daina haɗa kekuna a Nottingham tun 2002, har yanzu ana yin tayar 28 x 1½ da yawa a Indiya da Sin, domin a can ma irin wannan keke yana nan yana aiki. Ashe ke nan babu dalilin da zai sa a sayar wa 'yan gwangwan da tsohon keke mai lafiya don kurum an gwada masa taya biyu sun ƙi.

Gyara

Maganin wannan matsala ba ya bukatar kuɗi. Ya kamata masu kantunan kayan keke a Potiskum su riƙa jera tayoyinsu bisa lambar milimita, su kuma riƙa tambayar mai saye irin kekensa kafin su miƙa masa kaya, sa'an nan su amince da canji idan ba a ɓata tayar ba. Masu gyara, su da suke koyar da yara sana'a, ya kyautu su koya musu karanta wannan lamba tare da koyon faci da sholisho. Dillalan da suke sarin kaya daga Kano da Legas da Anaca su ma su riƙa kiran 635 ko 622 idan suna ba da oda, maimakon su tsaya ga 28 kawai. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON, tana iya taimakawa ta wajen tabbatar da cewa duk tayar keken da za a shigo da ita tana ɗauke da cikakken ma'auni a jikinta.

Shi kuwa mai keke, ya rubuta lambar ƙafarsa ta gaba da ta baya da fenti a ƙarƙashin sirdi, ko ya ajiye ta cikin wayarsa, domin ko ɗansa ya aika kasuwa ya san abin da zai tambaya. Matambayi ba ya ɓata.